Tarihin James Naismith, Uban Ƙwallon Kwando

Kafin in shiga tarihin mutumin da na ɗauko, ya kamata in faɗi dalilin da ya sa na zaɓe shi.

Ni ɗan Darki ne, a ƙasar Wudil, shekaruna 16, kuma ina cikin 'yan ƙwallon kwando na makarantarmu. A zangon karatun da ya wuce mun kara da wasu makarantu sau 6, muka ci 2, aka cinye mu 4. Ranar wasan ƙarshe ba wanda ya iya cin tuwon dare a cikinmu. Muka taru a ɗakin kwana muka ɗora wa malaminmu na wasanni laifi, har aka kawo shawarar a rubuta wa firinsifal takarda a canja shi. Ba zan ɓoye ba, ni aka ba aikin rubutun, don ana cewa ina da hannu mai kyau.

Ana cikin haka aka ba da hutu, malamin Hausa kuma ya ce kowa ya rubuto tarihin wani shahararren mutum. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan nemo labarin wanda ya ƙirƙiro wasan kansa, don a zatona duk duniya babu kocin da ya kai shi yawan nasara, in ya so in nuna wa malaminmu yadda gwanaye ke yi. To, ga abin da na tarar.

An haifi James Naismith ranar 6 ga Nuwamba, 1861, a ƙasar Almonte, cikin lardin Ontariyo na Kanada. Iyayensa asalinsu mutanen Sukotlan ne. A shekarar 1870, yana gab da cika shekara 9, zazzaɓin taifot ya kashe uwarsa da ubansa. Kakarsa ta ɗauke shi da 'yan'uwansa, ba a daɗe ba ita ma ta rasu, sai riƙonsu ya koma hannun kawunsu, Peter Young, wanda manomi ne. Nan yaron ya saba da aikin gona da kora dawaki. Karatu kuwa bai dame shi ba. Da ya shiga sakandare ma sai ya gudu, ya tafi daji aikin saran itace, ya yi shekaru a can. Daga baya ya ga babu inda wannan hanya za ta kai shi, ya cire girman kai ya koma aji, ya zauna benci ɗaya da yaran da ya girme wa. Bai gama sakandare ba sai a 1883, yana da shekara 21. Gaskiyar Bahaushe, gemu ba ya hana ilimi.

A wannan shekara ya shiga Jami'ar McGill a birnin Montiriyal. Can ya yi suna wajen ƙwallon zari-ruga da sauran wasannin motsa jiki. Bayan ya sami digiri ya yi karatun addinin Kirista, ya gama a 1890 da niyyar zama fasto. Amma ya lura cewa halin yaro na ainihi a filin wasa yake fitowa, saboda haka ya ga zai fi gyara tarbiyyar samari a can. Sai ya tsallaka Amurka, ya shiga wata makarantar horar da malaman motsa jiki ta ƙungiyar YMCA a garin Springfield, jihar Masacuset, har ya zama malami a cikinta.

Garin Springfield sanyi gare shi ƙwarai. In hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara takan rufe filaye, ba dama a fita wasa. Akwai wani aji mai ɗalibai 18, duk manya, waɗanda suka gaji da atisayen cikin ɗaki, suka gagari malamai. A watan Disamba na 1891 shugaban sashen, Dokta Luther Gulick, ya danƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya ƙirƙiro wasan da za a yi a cikin ɗaki ba tare da an ji wa juna rauni ba.

Yadda ya yi tunani shi ne abin da ya fi burge ni. Ya duba ya ga abin da ke kawo karo da faɗa a zari-ruga shi ne gudu da ƙwallo a hannu, don dole a tare mai gudun a kayar da shi. Saboda haka ya hana gudu da ƙwallo, sai dai a jefa wa abokin wasa. Ya kuma ga in raga tana ƙasa, mai ƙarfi ne zai yi ta ci. Nan ya tuna wani wasa da suke yi suna yara, inda ake ɗora ƙaramin dutse a kan babba a yi ta jifa har a kaɓo shi. A wannan wasa, wanda ya lanƙwaso jifa ta sama a hankali ya fi mai jifan ƙarfi dacewa. Sai ya yanke shawarar ɗaga wurin cin sama da kawunan 'yan wasa.

Ya nemi akwatuna biyu wurin mai kula da ginin, ba a samu ba, sai aka ba shi kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Ya kafa su da ƙusa a jikin barandar ɗakin motsa jiki, wadda tsayinta ƙafa 10 ne daga ƙasa. Har yau a wannan tsayi ake kafa zoben ƙwallon kwando ko'ina a duniya, har da namu na nan makaranta. Ya rubuta dokoki 13, ya raba ajin gida biyu, tara-tara, ya ba su ƙwallon ƙafa. An yi wasan farko ranar 21 ga Disamba, 1891, kuma ƙwallo ɗaya tak ta shiga kwando. Da yake kwandon yana da gindi, duk sanda aka ci sai an ɗauko tsani an ciro ƙwallon. Da na karanta wannan sai na yi dariya, na tuna kwandunan tumatir na kasuwar Darki. Ashe wasan da muke ganin na masu kuɗi ne, da irinsu aka fara shi. Wani ɗalibinsa ya kawo shawarar a sa wa wasan sunan Naismith, ya ƙi, aka bar shi da sunan kwando.

Aka buga dokokin a jaridar makarantar a watan Janairu na 1892. Ɗaliban da suka gama suka watsu da wasan cikin Amurka da wasu ƙasashe. Shi kuwa ya koma garin Denba, ya yi karatun likita, ya gama a 1898. A wannan shekara Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi aiki, yana kula da wurin addu'a na jami'ar, yana kuma koyar da motsa jiki. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, ya zama kocinta na farko.

To, 'yan'uwa, nan ne aka zo wurin da ya ba ni kunya. Naismith ya riƙe ƙungiyar shekara 9, daga 1898 zuwa 1907. A cikin wannan lokaci ya ci wasa 55, aka cinye shi 60. Duk cikin masu horar da ƙungiyar maza ta Kansas, tun daga lokacin har yau, shi kaɗai ne faɗuwarsa ta fi cinsa yawa. Wanda ya rubuta dokokin wasa da hannunsa, shi ne na baya a lissafi! Dalili kuwa, bai ɗauki cin wasa da zafi ba. Ra'ayinsa shi ne a bar yara su yi wasa don lafiyar jiki da gyaran hali, kuma sau da yawa shi ne ma alƙalin wasa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ya kasa. Amma a duba mutanen da suka fito daga hannunsa. Na farko shi ne Forrest Allen, wanda aka fi sani da Phog Allen. Da Allen ya gaya masa zai shiga aikin koci, Naismith ya yi dariya, don a ganinsa wannan wasa yin sa ake yi, ba sai an koyar ba. Allen bai fasa ba. Ya gaji malaminsa, ya riƙe Kansas shekara 39, ya ci wasa 590, ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 1952. Cikin yaran Allen na wannan shekara akwai Dean Smith, wanda daga baya ya zama kocin Jami'ar Arewacin Karolina, ya ci wasa 879. Dean Smith kuwa shi ya horar da Michael Jordan. Ke nan Jordan tattaɓa-kunnen Naismith ne a wajen wasa.

Na biyu shi ne John McLendon, wani baƙar fata da ya shiga Kansas a 1933. A zamanin nan wariyar launin fata ta yi ƙarfi a Amurka, ba a yarda baƙar fata ya yi wa jami'ar wasa ba. Naismith, yana tsoho mai shekara fiye da 70, ya ja shi a jiki, ya koya masa abin da ya sani, ya tsaya masa har ya gama digiri a 1936. McLendon ya zama koci a kwalejojin baƙar fata. A 1944, a garin Durham, yaransa suka kara a ɓoye da Turawa ɗaliban likita na Jami'ar Duke, an kulle ƙofofi, don a can ba a yarda baƙi da farare su yi wasa tare ba. Yaran McLendon suka ci 88 da 44. Bayan haka ya ɗauki kofin ƙananan kwalejoji na ƙasa sau uku a jere da wata jami'ar baƙar fata ta jihar Tenesi, a 1957 da 1958 da 1959, abin da babu kocin da ya taɓa yi kafinsa.

Naismith bai tara dukiya da wasan da ya ƙirƙiro ba. A 1936, da aka fara ba da lambobin yabo na ƙwallon kwando a wasannin Olamfik a birnin Balin na Jamus, sai da masu horar da 'yan wasa suka yi karo-karo kafin ya iya zuwa. Ya ga ƙasashe daban-daban, har da Masar daga nan Afirka, suna yin wasan da ya fara da ɗalibai 18. An yi karon ƙarshe a fili ana ruwan sama, Amurka ta ci Kanada 19 da 8, kuma shi ya miƙa lambobin. Ya bar aiki a 1937, ya rasu a Lawrence ranar 28 ga Nuwamba, 1939, yana da shekara 78. Abin mamaki, takardu biyun da aka buga dokokinsa a kansu da tafireta, an sayar da su a gwanjo a 2010 a kan dala miliyan 4 da dubu 300, wanda ya saya kuma ya kai su Jami'ar Kansas aka ajiye.

Mu ma a Nijeriya mun sha inuwar itacen da ya dasa. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995, kuma a 2008 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen wasan, wanda ke Springfield yana ɗauke da sunan Naismith. Ƙungiyar maza ta ƙasarmu ta ɗauki kofin Afirka a 2015. Ta mata kuma ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik na Faris a 2024, inda wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa kaiwa ba. Wanda ya fi daɗaɗa mini rai shi ne Masai Ujiri, da ya tashi a Zariya, ya koyi wasan a can. Yana shugaban ƙungiyar Toronto Raptors a 2019 ta ɗauki kofin NBA, karo na farko da kofin ya bar Amurka. Toronto kuwa a lardin Ontariyo take, inda aka haifi Naismith.

Da na gama haɗa wannan tarihi, sai na zauna na yi wa malaminmu irin lissafin da na yi wa Naismith. Na tuna shi yake fita da mu gudu da sassafe ko da hazo ya sauko. Shi yake ɗinke ragar zobe da hannunsa. Ya taɓa cire gwaninmu daga wasa don ya zagi alƙali, muka yi ta fushi aka cinye mu, amma tun ran nan ban ƙara jin zagi a bakin yaron ba. Ya kuma kafa doka cewa duk wanda ya faɗi jarrabawa ba zai sa rigar ƙungiya ba, kuma saboda wannan doka na dage da lissafi har na haye. Duk wannan babu ko ɗaya a takardar da aka sa ni rubutawa. Na ɗauko ta daga cikin akwati na yage. Malam, in wannan mujalla ta zo hannunka, ina roƙon gafara, ni da abokaina.

'Yan'uwana ɗalibai, cin wasa da daɗi, kuma baɗi za mu nema da iyakar ƙarfinmu. Amma kafin mu ce malami ya kasa, mu duba abin da ya mai da mu. Iyayenmu kuma, ina roƙonku kada ku ɗauki wasan motsa jiki aikin banza, muddin yaro yana riƙe da karatunsa. Ni dai kafin hutu ya ƙare na samo tsohon kwandon tumatir na cire masa gindi, na ɗaure wa ƙannena a jikin darbejiyar ƙofar gidanmu. Babana ya tambayi amfaninsa, na ba shi wannan labari, bai ce a kwance ba.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.

Daga wani ɗalibi ɗan Darki, aji biyar.