Robert Goddard: Malamin da rokarsa ta farko ta faɗa gonar kabeji



Da yawanku kun sha cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube. Wasu samari a Amurka sun haɗa 'yar roka da ba ta fi tsawon hannu ba, sun danna maɓalli, kafin ƙiftawa da bisimilla ta ɓace a sama, sai ka ji an ce wai ta wuce gudun sauti. Daga nan su bi sawunta da waya a hannu har inda lema ta sauke ta a daji. Kai da kake zaune a Daura, ko Mai'adua, ko Sandamu, sai ka ce a ranka: to mu me ya hana mu? Kafin ka tashi neman bututu da ashana, zauna ka ji labarin mutumin da ya share fagen wannan harka, domin abin da ya sa ya yi nasara ba ya fitowa a cikin irin waɗannan bidiyoyin.

Sunansa Robert Hutchings Goddard. An haife shi ranar 5 ga Oktoba, 1882, a garin Worcester na jihar Massachusetts a Amurka. Yaro ne mai yawan laulayi, har sai da sa'o'insa suka wuce shi da shekara biyu a makaranta. Bai gama sakandare ba sai 1904, yana da shekara 21, amma shi ya fito kan gaba a ajinsu. Kai da kake jin kunya don ka maimaita jarrabawar WAEC ko JAMB, ka riƙe wannan.

Zaman jinya ya sa ya zama mayen karatu da gwaje-gwaje. Yana ɗan shekara 16 ya yi yunƙurin ƙera balan-balan da alminiyum, ya cika shi da iskar haidirojin. Ya shafe makonni yana fama, abu ya ƙi tashi. Amma duk matakin da ya bi sai da ya rubuta shi a littafinsa, har da ranar da ya haƙura. Wannan ɗabi'ar rubuce komai ita ce ya rayu da ita har ƙarshen ransa.

Ranar 19 ga Oktoba, 1899, ya hau wata bishiyar ceri a bayan gidansu don ya sare busassun rassa. Yana can sama ne tunani ya zo masa na ƙera wata na'ura da za ta iya kaiwa duniyar Mars. Daga wannan rana ya san abin da zai yi da rayuwarsa, kuma duk shekara sai ya tuna da ranar a littafinsa. Mafarki kam kowa na yi. Shi dai ya bi nasa da karatu: ya yi digirin farko a kimiyyar fiziks a 1908, ya yi na dakta a Jami'ar Clark a 1911. A 1913 tarin fuka ya kwantar da shi har likitoci suka fidda rai, sai ga shi ya miƙe. Shekara ɗaya bayan haka, a 1914, ya samu takardun mallakar ƙirƙira guda biyu: ɗaya ta roka mai hawa-hawa wadda ke yar da sashen da mansa ya ƙare, ɗaya kuma ta roka mai amfani da man ruwa.

Roka ta daɗe a duniya kafin Goddard. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna harba ta da albarushi. Abin da shi ya ƙara shi ne awo. Da ya gwada rokokin albarushi na zamaninsa, sai ya gano kusan kashi 2 cikin 100 kacal na ƙarfin man ne ke tura su, sauran duk asara ce. Sai ya sa musu wani bututu mai tsukakken wuya da buɗaɗɗen baki, kamar dai bakin kakaki, nan take lissafin ya haura kashi 60 cikin 100. Ya kuma harba roka a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ya tabbatar tana aiki ko babu iska. In kana son ka gane dalili, ka tuna 'yan bindiga ranar hawan Sallah: duk sanda suka harba, bindigar na dukan kafaɗarsu. Abin da ya fita ta gaba shi ke tura ta baya. Haka roka take, hayaƙin da take fesarwa ƙasa shi ke cilla ta sama, ba ta buƙatar iskar da za ta dogara a kai.

Cibiyar Smithsonian ta ba shi tallafin dala 5,000 a 1917, sannan ta buga rahoton bincikensa a ƙarshen 1919. A wani ɗan sashe na rahoton ya ambaci cewa roka za ta iya kaiwa duniyar wata. Nan fa 'yan jarida suka samu abin yi. Ranar 13 ga Janairu, 1920, jaridar New York Times ta yi masa ba'a, ta nuna wai farfesa guda bai san abin da ake koya wa 'yan sakandare ba, tunda a ganinta roka ba za ta motsa a inda babu iska ba. Alhali shi ya riga ya gwada, ya auna, ya rubuta. Jaridar ba ta janye maganar ba sai ranar 17 ga Yuli, 1969, kwana ɗaya bayan kumbon Apollo 11 ya kama hanyar wata. Shekara 49 ke nan, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Ka ga ashe yi wa mai fasaha dariya ba a soshiyal midiya aka fara ba.

Babbar ranarsa ita ce 16 ga Maris, 1926, a gonar wata 'yar uwarsa da ake kira Effie, a garin Auburn. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Rokar na amfani da fetur da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, abin da ba ya yiwuwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da sifili. Mataimakinsa Henry Sachs ne ya kunna ta da wuta a bakin doguwar sanda. Ta tashi mita 12 da rabi, wato kamar bene mai hawa huɗu, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta faɗa gonar kabeji a nisan mita 56, kusan rabin filin ƙwallo. Matarsa Esther na riƙe da kyamara, amma fim ya ƙare mata kafin rokar ta bar ƙasa. Da yau ne, ko bidiyon ɗorawa ba su samu ba. Duk da haka wannan ce roka mai man ruwa ta farko da ta taɓa tashi a duniya, kuma mun san tsayinta da nisanta da lokacinta ne saboda an auna an rubuta.

A Yulin 1929 ya harba wata ɗauke da ma'aunin nauyin iska, da ma'aunin zafi, da kyamarar da za ta ɗauki hoton abin da suka nuna. Ƙarar ta firgita maƙwabta, suka zaci jirgi ne ya faɗo, 'yan sanda da motocin asibiti suka cika gonar, hukumar kashe gobara ta jihar ta hana shi sake gwaji a can. Sai dai wani hanin ga Allah baiwa ne. Labarin ya kai kunnen Charles Lindbergh, matuƙin da ya fara tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai ba tare da ya yada zango ba a 1927. Shi ya haɗa Goddard da attajiran gidan Guggenheim, suka ɗauki nauyin aikin. A 1930 ya koma Roswell a jihar New Mexico, fili fetal, ba gida gaba ba gida baya.

A nan ne ya kamata mai sha'awar bin sawun roka ya buɗe kunne. Babu GPS a lokacin, babu kwamfuta. Masu harbawa suna fakewa a wata rumfa mai nisan kusan mita 300 daga hasumiyar harbi. Can baya, a kusan mita 900, akwai mutum guda riƙe da madubin hangen nesa yana bin rokar da ido. An ɗaura wa madubin fensira biyu, ɗaya na zana yadda ya ɗaga sama, ɗaya na zana yadda ya karkata gefe, a kan wata doguwar takarda da injin agogo ke ja a hankali. Daga wannan zanen ake lissafa tsayi da gudu. Don rokar ta daina kaucewa kuwa, a 1932 ya sa mata wani ƙarfe mai juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa, wanda ke juya wasu 'yan fukafukai a cikin hayaƙin su miƙar da ita.

To mene ne gudun sautin da ake ta magana? In kana nesa da 'yan bindiga, hayaƙi kake fara gani kafin ƙarar ta iso. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa guda, kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Da wannan gudun, daga Daura zuwa Katsina bai kai minti biyar ba. A watan Maris na 1935 wata rokar Goddard ta karkata ta sheƙa a saman fili da gudun da aka kiyasta ya haura mil 700 a awa, kuma ana lissafa wannan shekara a matsayin lokacin da roka mai man ruwa ta fara keta gudun sauti. Mafi nisan da ya kai shi ne a Maris 1937, kusan kilomita biyu da rabi. Ga kuma darasin da ya fi kowanne: a Agustan 1938, masu kallo sun kiyasta wata rokarsa ta kai mita 1,500, amma na'urar da aka rufe a cikinta ta nuna kusan mita 1,000. Ido na ruɗi, musamman idon mai abu.

Goddard na da nasa rauni. Ba'ar da aka yi masa ta sa ya zama mai ɓoye aiki, shi da mataimaka 'yan ƙalilan. Jamusawa kuwa suka zuba dubban ma'aikata da kuɗin gwamnati, suka ƙera rokar yaƙi ta V-2 wadda ta ninka tasa nesa ba kusa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya rasu ranar 10 ga Agusta, 1945, a Baltimore, sakamakon sankarar maƙogwaro. Esther ce ta tattara takardunsa ta ci gaba da neman haƙƙinsa, har takardun mallakarsa suka kai 214. A 1959 NASA ta sa wa babbar cibiyarta ta jihar Maryland sunansa, a 1960 gwamnatin Amurka ta biya dala miliyan ɗaya kan amfani da ƙirƙire-ƙirƙirensa.

Rokokin wasan da kake gani a bidiyo kuwa, suna da nasu tarihin. Bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, yaran Amurka suka dinga cusa albarushi a bututun ƙarfe, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rayukansu. Don magance haka ne wani mai sayar da takalma, Orville Carlisle, da injiniya G. Harry Stine suka kawo tsarin da ake bi har yau: injin daga masana'anta yake zuwa, jikin rokar kuma kwali ne da roba da katako mara nauyi. Saboda haka, don Allah, kar ka kuskura ka haɗa kan ashana ko garin nokawut a bututu. Wannan bam ne, dokar ƙasa ta hana, kuma da halin tsaron da jihar Katsina ke ciki, ba wanda zai tsaya jin bayaninka.

Akwai hanyar da ba wuta a ciki. Robar lemo ta lita ɗaya da rabi, ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiya, da famfon keke, sun isa su ba ka rokar ruwa mai bin ƙa'idar da ta Goddard ta bi. Ku je fili nesa da gidaje da wayoyin lantarki, kowa ya ja baya, kar wanda ya leƙa samanta. Abokinka ya tsaya a nisan mita 50 da ma'aunin kusurwa, wannan rabin da'irar robar da ke cikin akwatin lissafinku na makaranta, an ɗaura masa zare da ɗan dutse. In rokar ta miƙe sama sosai ya ga ƙololuwarta a digiri 45, ta kai mita 50. In 30 ne, kusan mita 29. Ku rubuta yawan ruwa, da sau nawa aka buga famfo, da yanayin iska. Ku canza abu ɗaya tak, ku sake.

In kun cika shafi ashirin, ku kai wa malamin fiziks ɗinku, ko wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko Jami'ar Sufuri. Najeriya na da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas, amma tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, rokar Rasha ce ta kai shi sama a 2003. Gurbin na nan a buɗe, kuma wanda zai cike shi sai ya iya lissafi, ya iya haƙuri, ya iya aiki da mutane.

Ku ɗauki bidiyon, ba laifi, amma littafin awon ya riga waya shiga aljihu.