Walter Plowright: Likitan Dabbobin Da Ya Karya Lagon Ciwon Bushiya

Matasan da ke kai shanu kasuwar kara ta Wudil daga Gaya da Ajingi, da yawansu ba su taɓa ganin saniya mai ciwon bushiya ba. Amma ku tambayi dattawan rugage. Zazzaɓi ne mai zafi, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari, cikin 'yan kwanaki garke ya kwanta. A wajajen 1890 ta yi wa shanun ƙasar Hausa da Borno mummunar ɓarna, ta kuma sake dawowa a 1983.

Mutumin da ya samo rigakafin da ya gama da ita Bature ne, Walter Plowright. An haife shi a 1923 a garin Holbeach na Ingila, ya gama karatun likitan dabbobi a Landan a 1944, ya yi aikin soja, sannan ya shiga aikin dabbobi a Afirka. A shekarun 1950 ya zauna a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, kafin ya koma Muguga a Kenya a 1956.

Ba wai babu rigakafi kafin shi ba. Akwai wanda ake samarwa ta hanyar sa wa awaki ƙwayar cutar, sai dai yana jefa wasu shanun cikin zazzaɓi, masu rauni ma su mutu. Shi ya sa ba laifin makiyayin wancan zamani ba ne in ya hango malaman dabbobi ya kora garkensa daji.

Dabarar Plowright da abokin aikinsa Ferris ita ce renon ƙwayar cutar cikin kwalba, a kan ƙwayoyin ƙodar ɗan maraƙi. In ta hayayyafa sai a ɗiba a zuba a sabuwar kwalba, haka haka har kusan sau 90. Aiki ne na haƙuri ƙwarai. A ƙarshe ƙwayar ta yi laushi: ba ta iya kwantar da saniya, amma jiki na ganinta ya shirya makaman yaƙi. Allura ɗaya tak, saniya ta tsira har ƙarshen ranta, ga kuma araha.

A Kano aka yi taron 1961 da ya haifar da gangamin rigakafi na ƙasashen Afirka, wanda ya fara a 1962 da Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. An ci nasara sosai, sai aka yi sakaci, aka bar 'yan maruƙan da aka haifa daga baya ba allura. Abin da ya buɗe wa annobar 1983 ƙofa ke nan.

Allurar tana da aibi guda: ba ta jure zafi. In ta bar sanyi, a rana irin tamu ta bazara, ta lalace. Wasu masana ne daga baya suka gyara yadda ake busar da ita har ta iya kai wa ƙauyuka masu nisa ba firji. Masu nazarin ƙwayoyin gado kuma suka gano cutar iri uku ce, biyu a Afirka ɗaya a Asiya, don haka in ta ɓulla ana iya bin sawunta a san inda ta fito.

Plowright ya karɓi lambar yabo ta abinci ta duniya a 1999. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001. Ya rasu a Fabrairun 2010, shekara guda kafin a shelanta a 2011 cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana.

'Yar'uwarta dai tana nan, wato annobar awaki da tumaki mai sa majina da zawo. Ita ma tana da rigakafi, daga ƙwayar da aka samo a Najeriya a 1975, kuma Vom na yin ta. In ƙungiyarku za ta kira malamin dabbobi, ku haɗa dabbobin unguwa a rana guda, ku kuma duba cewa cikin ƙanƙara ya kawo maganin.