Bertha Benz: Matar da ta fito da motar mijinta idon duniya

An haifi Bertha Benz a Pforzheim, ƙasar Jamus, a 1849. Tun kafin ta auri Carl Benz a 1872, ta zuba kuɗin da iyayenta suka tanadar mata na aure cikin masana'antarsa da ke neman durƙushewa. Ta haifi 'ya'ya biyar, tana reno tana tallafa wa sana'ar gidan.

Da motar da mijin ya ƙera ta rasa masu saye, sai a watan Agustan 1888 ta tuƙa ta, ba da saninsa ba, tare da 'ya'yanta maza biyu, kilomita 106 daga Mannheim zuwa garinsu. Tafiyar ta jawo hankalin jama'a ga motar.

Aurensu ya kai kusan shekara 57, har mutuwar Carl a 1929. Ita kuma ta mutu a 1944.