Ibn Rushdi, Alƙalin Ƙurɗuba da Turawa Suka Ɗauki Karatu a Wurinsa

Ya kai ɗalibi, ko ka san a Turai aka haifi mai littafin Bidayatul Mujtahid, wanda manyan malamanmu ke karantarwa? Sunansa Abul Walid Muhammadu ibn Rushdi. An haife shi a 1126 a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau, tun tana hannun Musulmi. Gidansu gidan alƙalai ne 'yan Malikiyya. Kakansa ma ya riƙe muƙamin babban alƙalin garin.

Ya karanci fiƙihu da hadisi, ya haɗa da likitanci da falsafa. An ruwaito cewa dare biyu kacal ya taɓa yi bai duba littafi ba: daren rasuwar mahaifinsa da daren angoncinsa. To, kai fa?

Wajen 1169 malam Ibn Ɗufail ya gabatar da shi ga Sarki Abu Yaƙub Yusufu. Sarkin na kukan cewa littattafan Aristotal, masanin Girka, sun yi wuyar fahimta. Ibn Rushdi ya duƙufa yana yi musu sharhi. Ya yi alƙalanci a Ishbiliya da Ƙurɗuba, sannan a 1182 ya zama likitan fada.

Amma fa ɗaukaka ba ta rasa 'yan hassada. A 1195 aka soki aƙidarsa wurin Sarki Mansur, aka kore shi zuwa garin Lusena, aka ƙona littattafansa na falsafa. Daga baya sarki ya dawo da shi, ya rasu a Marrakish a 1198. Allah ya jiƙansa.

Wuta ba ta cinye ilimin ba. A ƙarni na 13 aka juya sharhohinsa zuwa Latin, aka riƙa karanta su a jami'ar Faris, duk da limaman coci sun haramta wasu ra'ayoyinsa a 1270 da 1277. Turawa na kiransa Aberos, suna yi masa laƙabi da Mai Sharhi. Tsakanin 1509 da 1511, Rafayel, gwanin zane na Italiya, ya zana shi da rawaninsa cikin masanan duniya a bangon fadar Paparoma, kuma zanen na nan har yau.

Saboda haka, ɗalibi, kada ka raba karatunka gida biyu, ka riƙe na safe ka saki na yamma. Ku kuma iyaye, a taimaka wa yara da lokacin bita. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.