Glenn Seaborg: Mutumin da Ya Tsawaita Teburin Sinadarai

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwajin kimiyya ya san teburin sinadarai da ke rataye a bango. In muka duba lamba ta 106 za mu ga haruffa biyu, Sg. An ciro su ne daga sunan Glenn Seaborg.

An haife shi ran 19 ga Afrilu, 1912, a Ishpeming, wani ƙaramin garin masu haƙar ƙarfe a Amurka. Yana ɗan shekara goma iyayensa suka ƙaura zuwa Kalifoniya. Bai damu da kimiyya ba sai da ya yi nisa a sakandare, inda wani malaminsa ya cusa masa son kemistiri. Har dako ya yi don ya biya kuɗin jami'a, ya kuwa sami digirin dakta a Berkeley a 1937.

A lokacin, yuraniyum mai lamba 92 shi ne ƙarshen teburin. Masana suka fara harba ƙananan ƙwayoyin zarra cikin manya da na'ura, domin su haɗe su zama sabon sinadari. Ta haka Seaborg da abokan aikinsa suka gano fulutoniyum, lamba 94, a 1941. Sinadarai goma aka gano da hannunsa a ciki. Aikin na masu haƙuri ne: a 1955 ƙwayoyin zarra 17 kacal suka samu na lamba 101. Daga lamba 104 zuwa sama ake kira sinadarai mafiya nauyi. Ba a haƙo su a ƙasa, kuma da an ƙera su sai su tarwatse, wasu kafin ƙiftawar ido. Na 106, da aka gano a 1974, 'yan mintoci yake yi in ya daɗe.

Amma ilmi wuƙa ne mai baki biyu. Aidin-131, wanda ya gano tare da John Livingood a 1938, ya zama maganin cututtukan maƙoƙo, har mahaifiyarsa ta amfana da shi. Fulutoniyum kuwa, da shi aka haɗa bam ɗin da ya ƙone birnin Nagasaki ran 9 ga Agusta, 1945. Wata biyu kafin nan, Seaborg yana cikin masana bakwai da suka rubuta wa gwamnati cewa a gwada bam ɗin inda babu jama'a tukuna. Ba a saurare su ba. Daga baya, yana shugaban hukumar nukiliya ta Amurka, ya goyi bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin bam a sararin sama da cikin ruwa.

Ya sami kyautar Nobel a 1951, kuma yana da rai aka tabbatar da sa wa sinadari na 106 sunansa a 1997. Ya rasu ran 25 ga Fabrairu, 1999. Yau teburin ya kai 118.

Ɗalibanmu, kada wanda ya makara ya fid da rai. Amma in kun sami ilmin, ku tambayi kanku: wa zai warkar, wa kuma zai cutar?