Jamshidu Alkashi, Mai Auna Da'ira

A ƙasar Farisa akwai wani gari wai shi Kashan. A nan aka haifi Jamshidu Alkashi wajen shekarar 1380. Tun yana saurayi ya ba da himma ga ilmin lissafi da na taurari, amma ya daɗe cikin talauci. Daga baya Sarki Ulugu Begu na Samarƙandi, wanda shi ma masani ne, ya kirawo shi, ya zama babba cikin malamansa.

Tun dā masu lissafi sun sani kewayen kowace da'ira ya yi faɗinta sau uku da ɗan ɗori, watau wajen 3.14. Alkashi kuwa sai ya biyo ta wata hanya. Ku dubi magini a Pauwa in zai shata zagayayyen ɗaki. Sai ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya kewaya da ita. Tsawon igiyar nan rabin faɗin ɗakin ne. To, da wannan rabi Alkashi ya auna kewaye, saboda haka lambarsa ta ninka waccan.

A shekarar 1424 ya lissafa kewayen wata siffa mai gefe 805,306,368, wadda ta yi kusa da da'ira ƙwarai. Ya sami 6.2831853071795865. Nufinsa ko da'irar ta kai girman sararin sama, kada kuskure ya kai kaurin gashin doki. Sai da aka shekara fiye da 170 kana wani ya wuce shi. A 1427 ya gama littafinsa Mabuɗin Lissafi, sa'an nan ya rasu a Samarƙandi a 1429.

Littattafan makaranta sun riƙe 3.14, ana kiranta pai. Amma a 2001 wani malami a Amurka, Bob Palais, ya ce 6.28 ta fi dacewa, a 2010 kuma Michael Hartl ya yayata ta da sunan tau. Hujjarsu ita ce daga tsakiya ake shata da'ira. Masu son pai kuwa suna ganin faɗin bakin rijiya ko na tukunya ya fi sauƙin awo, gama ba sai an nemi tsakiya ba.

Ko wadda yaro ya ɗauka, in ya yi lissafi da hankali, amsa ɗaya zai samu, domin tau pai biyu ce.