TUNA BAYA: Kanar Shittu Alao, haifaffen Dorowa Babuje da ya riƙe Rundunar Sojin Sama yana ɗan shekara 30

A ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 1969, wani ƙaramin jirgin soja samfurin L-29 ya faɗi a Uzebba, cikin Jihar Edo ta yanzu. Mutum ɗaya ne a cikinsa, kuma bai fita da rai ba. Wannan mutum shi ne Kanar Shittu Alao, shugaban Rundunar Sojin Saman Najeriya, wanda ya cika yana da shekara 32, saura wata uku cif a kawo ƙarshen yaƙin basasa.

Ma'aikatan da ke bin hanyar Abuja zuwa Keffi sun san sunansa, domin barikin sojan da ke Keffi sunansa ya ci. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mai sunan ɗan tsaunukan Jos ne, kuma shi ne ɗan ƙasa na biyu da ya shugabanci rundunar.

Ɗan ƙasar kuza

An haifi Alao a 1937 a Dorowa Babuje, cikin Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato a yau. A wancan zamani haƙar kuza ta mayar da wannan yanki matattarar jama'a. Tun 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layin dogo ya shigo ta Kafanchan. Hausawa da Kanuri da Ibo da Yarbawa suka yi ta kwararowa, wasu leburanci, wasu fatauci, wasu aikin akawu, suka zauna tare da Birom da sauran masu ƙasa. Sunan Barikin Ladi kansa ragowar wannan zamani ne na barikokin 'yan kuza.

Cikin wannan cakuɗa aka haifi yaro mai sunan Yarbawa, wanda daga baya tarihin soja ya lissafa shi cikin hafsoshin Arewa.

Daga sojan ƙasa zuwa na sama

Alao ya fara ne a matsayin hafsan sojan ƙasa. Lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960 ba ta da rundunar sama. Aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ya nuna wa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa wannan giɓi, domin sai da jiragen wasu ƙasashe ake kai dakarunta. Aka fara tura matasa koyon tuƙi a Habasha da Kanada da Indiya, sannan aka ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Yamma ta gina rundunar. Majalisa ta kafa ta da doka a watan Afrilu na 1964. Shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig.

Tun da sabuwar runduna ba ta da manyan hafsoshi nata, sai aka aro daga sojan ƙasa. Alao na cikin waɗanda aka aro. A 1963 aka tura shi Jamus ya yi shekara guda yana koyon sha'anin sojan sama, da ya dawo kuma aka ba shi kula da ayyukan jirage a hedikwatar rundunar da ke Legas. Jiragen da rundunar ta mallaka a lokacin na koyo ne da na ɗaukar saƙo, irin su Piaggio 149 da Dornier 27. Babu na yaƙi ko ɗaya.

Shekarar 1966 ta rikita wannan shiri. Bayan juyin mulkin Janairu, ragamar rundunar ta koma hannun ɗan ƙasa na farko, Laftanar Kanar George Kurubo. Masu rubuta tarihin sojan Najeriya suna ambaton Manjo Alao cikin hafsoshin da ke da hannu a juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, wanda ya yi sanadin mutuwar Janar Aguiyi-Ironsi da hafsoshin Ibo masu yawa, ya kuma ɗora Yakubu Gowon kan mulki. Wannan babi ne mai nauyi a rayuwarsa, kuma ba a ba da labarinsa daidai in an tsallake shi.

Runduna ba jirage

Yaƙi ya ɓarke a ranar 6 ga Yuli, 1967. Wata guda bayan haka aka naɗa Kurubo jakada a Tarayyar Sobiyet, Alao ya gaje shi. Ya karɓi runduna mai shekara uku da kafuwa, wadda malamanta Jamusawa suka janye, ƙwararrun matuƙanta da kanikawanta 'yan Gabas kuma suka koma ɓangaren Biyafara. A makonnin farko ma Biyafara ce ke kai hari ta sama da wani tsohon jirgi samfurin B-26.

Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi, sai ta juya wajen Mosko. A watan Agusta na 1967 aka fara sauke jiragen MiG a filin jirgin saman Kano, inda aka harhaɗa su. Jiragen L-29 suka zo daga Cakosulobakiya, daga baya aka ƙara da masu jefa bam samfurin Ilyushin 28. Cikin 'yan watanni rundunar ta tashi daga jiragen farfela zuwa masu injin jet.

Sayen jirgi abu ne na 'yan makonni, horar da wanda zai tuƙa shi da wanda zai kwance injinsa ya mayar kuwa sai an shekara da shekaru. Dole ta sa aka ɗauko matuƙa daga Masar da sojojin haya na Turai, kanikawa da kayan gyara su ma daga waje. An yi ta zargin rundunar da jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci, abin da ya zubar da mutuncin Najeriya a idon duniya. A ranar 5 ga Yuni, 1969, wani jirgin MiG ya harbo jirgin agaji na Red Cross. Duk da yawan jiragenta, rundunar ba ta iya rufe filin Uli ba, inda jirage ke sauka wa Biyafara da dare. A watan Mayu na 1969 kuma wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da ƙananan jirage biyar ya lalata jiragen tarayya suna ajiye a Fatakwal da Benin da Inugu.

A cikin wannan hali Alao bai tsaya ga ba da umarni daga ofis ba. Tarihin rundunar ya nuna cewa yakan hau jirgi ya fita aikin yaƙi da kansa. A gefe guda wannan ƙarfin hali ne. A ɗaya gefen, yana nuna ƙarancin hannu: rundunar da shugabanta ke tashi shi kaɗai a jirgi, tana rataye makomarta ne a kan tankin mai guda.

Faɗuwa a Uzebba

L-29 jirgin koyo ne mai kujera biyu da inji ɗaya, wanda ya fara tashi a 1959, aka kuma ƙera fiye da 3,000 irinsa. An san shi da juriya da sauƙin sarrafawa, amma ba ya cin dogon zango. A ranar da ajali ya yi kira, Alao ya shiga mummunan yanayi, hanya ta ɓace masa, mai ya ƙare. Ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa, jirgin ya bugi bishiya. An binne shi a Legas da cikakkiyar girmamawar soja, Emmanuel Ikwue kuma ya gaje shi.

Hadari da ɓatan hanya da ƙarewar mai su ne ainihin matsalolin da ilmin injiniyan jiragen sama ke fama da su. Matuƙi a cikin gajimare ba ya ganin komai sai allon da ke gabansa. Ransa na hannun wanda ya lissafa man da injin ke sha, da wanda ya kafa na'urar da ke nuna hanya daga ƙasa, da wanda ya yi hasashen yanayi kafin a tashi. Irin waɗannan mutane ne Najeriya ta 1969 ke da ƙarancinsu.

Abin da ya biyo baya

Bayan yaƙi rundunar ta mai da hankali kan wannan ɓangare. Makarantar fasahar da ta buɗe a Kaduna a 1977 ita ce ta zama AFIT, wadda a yau ke ba da digiri a injiniyan jiragen sama da sararin samaniya, har ga farar hula. A Kaduna aka harhaɗa jirgin koyo na Air Beetle, a can kuma aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi na Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Har yanzu dai manyan jiragen yaƙin ƙasar daga waje ake sayo su, kayan gyaransu ma haka, kuma kowane kasafin kuɗin tsaro yana ɗauke da wannan nauyi.

Ƙasar da aka haifi Alao ma ta sami rabonta. Filin jirgin saman Yakubu Gowon yana Heipang, cikin ƙaramar hukumar da aka haife shi. A Jos aka kafa Makarantar Sakandaren Sojin Sama a 1980, a can ne kuma Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa ke da cibiyarta mai nazarin hotunan tauraron ɗan'adam. Ɗalibin Bukuru ko Barikin Ladi da ke sha'awar ƙirar jirgi a yau yana iya fara karatunsa ba tare da ya haye teku ba, saɓanin Alao da sai da ya je Jamus.